Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Mai da Rijiya a Ƙasar Madobi, Kura da Bunkure

Gabatarwa

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da zancen man fetur da ruwan ƙarƙashin ƙasa, alhali kuwa ga masu nazarin kimiyya can a nasu sashen. Ni ma da haka na ɗauka, sai da wani al'amari ya taso mana a gida cikin hutun da ya wuce. Kawuna, wanda ya daɗe yana sarin shinkafa a Kura, ya yi niyyar sayen wani fili a bakin titi a ƙasar Madobi, domin ya kafa injin casa, ya kuma haƙa rijiyar burtsatse saboda mata masu turara shinkafa. Filin kuwa kangon wani tsohon gidan mai ne da aka daɗe da rufewa. Wani abokinsa injiniya ya ce masa kada ya biya ko kwabo sai an binciki ƙasar wurin da ruwan da ke ƙarƙashinta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da ya ce kafin a kafa ko da magirbi a ƙasa, sai an fara nemo tarihin filin tukuna. Takarda kuwa babu, ban da ta ciniki. Sai Kawu ya dube ni ya ce, "To, kai da ake koya muku hira da tsofaffi, ga aikinka ya samu."

A cikin wannan ɗan bayani zan yi ƙoƙari in nuna yadda mai ya shigo wannan yanki namu, da yadda ya gamu da ruwa, sa'an nan in faɗi abin da na samo.

Daga Garwa Zuwa Tanki

Kafin zuwan Turawa, man da kakanninmu suka sani na gyaɗa ne da na kaɗe da na shanu da alayyadi, waɗanda duk ƙasa ke shanyewa ba tare da wata illa ba. Babbar sana'ar da ke taɓa ƙasa a wannan yanki a wancan zamani ita ce rini, domin kuwa Kura ta yi suna wajen karofi, har rawunan da ake kira 'yan Kura suka zama abin nema a wurin Buzaye cikin Sahara. Amma baba tsiro ne, toka kuma ta itace ce, katsin da ake kwashewa daga marina ma ba a zubar da shi banza, laso ake yi da shi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin shekarar 1911, kuma layin dogon ya ratsa ta Madobi. Shi ya riƙa ɗaukar gyaɗa zuwa kudu, ya komo da kayan kanti, cikinsu har da kananzir. A lokacin nan ba a san tanki ba. A cikin gwangwanin ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai cin galan 4, ake kawo kananzir da fetur, bibbiyu a cikin akwatin katako. Wannan gwangwani shi ne garwa. In mai ya ƙare sai a yanke samanta, a wanke, a sa mata marataya a riƙa ɗiban ruwa da ita, kuma daga nan ne muka sami sunan 'yan garuwa, wanda har yau muke kiran masu sayar da ruwa da shi ko da jarka suke turawa a kura. Mai karatu ya duba ya gani, ashe tun ranar farko a mazubi ɗaya mai da ruwa suka shigo harshenmu.

Zamanin garwa yana da wani sauƙi da ba a lura da shi ba. In garwa ta huje, ido zai gani, a sake mazubi. Da motoci suka yawaita, musamman bayan samun mulkin kai a 1960, sai aka koma binne manyan tankunan ƙarfe a ƙarƙashin gidajen mai, domin gudun gobara da zafin rana. An fara samun mai a Oloibiri a 1956, aka kafa kamfanin mai na ƙasa, watau NNPC, a 1977, aka buɗe matatar Kaduna a 1980, aka kuma jawo bututu daga can zuwa babbar ma'ajiyar mai da ke Hotoro a Kano. Wajen wannan lokaci ne 'yan kasuwa na gida suka sami damar buɗe gidajen mai nasu na kansu, har abin ya bar birni ya bi titin Kano zuwa Zariya, ya shiga ƙananan garuruwa. Gidan mai ɗaya kan canja suna da fenti sau da yawa. Alal misali, da Gwamnati ta karɓe kamfanin BP a 1979, gidajen mansa sun wayi gari da sunan AP. Allo kan sake, mai gida kan sake, takardu kan ɓace a hannun magada, amma tankin da aka binne tun farko yana nan inda yake, tsatsa tana cin sa a hankali.

Zuwan Ruwan Tiga

Da a ce ruwan ƙasa yana da nisa a wannan yanki, da matsalar ba ta kai haka ba. To amma a daidai shekarun da mai ke yawaita, ruwa ma sai ya zo. Gwamnan Jihar Kano na farko, Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya sa aka datse kogin Kano a Tiga, aka fara aiki a 1971 aka gama a 1974, ana tsakiyar farin nan da ya halaka dabbobi a ƙasashen Sahel. An fara gwajin noman rani a Kadawa da ruwan madatsar Bagauda, daga baya ruwan Tiga ya iso ta Ruwan Kanya. Kashin farko na shirin an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976.

Ba sai na tsaya lissafa alherin wannan aiki ba, duk wanda ya ci tumatirin Kwanar Gafan ko shinkafar Kura ya san shi. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, ruwan da ake kwarara wa gonaki rani da damina ba duka shuka ke sha ba. Wani yana nutsewa, shekara da shekaru, har makwancin ruwan ƙasa ya taso kusa. Masu haƙar rijiya sun fi kowa sanin wannan, domin inda iyayensu suka yi gaba da yawa kafin su tad da ruwa, su kaɗan suke yi. Ƙasar kudancin Kano kuwa a kan dutse take zaune, ruwan rijiyoyinmu yana kwance ne a cikin marmara da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. Ke nan tsakanin gindin tankin mai da ruwan da muke sha babu wata tazara mai yawa, a wani wurin ma da damina tankin a cikin ruwan yake zaune tsundum.

Akwai kuma wani abin. An tsara ruwan Tiga ya riƙa gangarowa da kansa ba da inji ba, amma manoman da ke wajen shirin, da waɗanda ruwa ba ya isa gonakinsu, da na fadamun kogin Chalawa ta wajen Madobi, duk sun koma ga injin ban-ruwa mai shan fetur. Hukumar KNARDA ta yaɗa shi cikin shekarun 1980, shirin Fadama na Bankin Duniya ya ƙara yaɗa shi cikin shekarun 1990, har jigo ya zama sai a labari. Kowane inji yana bukatar fetur, yana bukatar a juye masa baƙin mai, kuma a bakin rijiya ko a gaɓar ruwa ake yin wannan. Ga taraktoci, ga injinan casa, ga manyan motocin tumatir, ga 'yan bumburutu da galan-galan a bakin hanya, ga kanikawa waɗanda ƙasar garejinsu ta yi baƙi ƙirin ta daskare kamar kwalta. Na sha karanta tarihin wannan shiri, ana maganar rabon gonaki da alkama da taki, amma ban ga inda aka ba man da ke juya shi ko da shafi guda ba.

Abin da Mai Ke Yi a Ƙarƙashin Ƙasa

A nan sai in faɗi abin da injiniyan nan ya koya mini, gwargwadon yadda na fahimta. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka in ya tsiyaya daga tanki sai ya yi ta nutsewa har ya tad da ruwan ƙasa, ya kwanta a kansa kamar yadda man gyaɗa ke kwanciya a kan miya. Da damina ruwa ya taso ya ɗago shi, da rani ruwa ya ja baya ya sauke shi, a haka yake shafe duk ƙasar da ke tsakani. Wani ɓangare nasa kuma narkewa yake yi a cikin ruwan, ya bi shi duk inda ya gangara. In aka haƙa rijiya kusa aka sa mata inji, to, an kira shi ke nan, domin jan ruwan zai jawo shi.

Mafi sharri a cikin abin da ke narkewa shi ne wani sinadari da ake kira benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 10 a cikin lita guda ta ruwan sha. Don mai karatu ya gane ƙanƙantar wannan, giram ɗaya tak ya isa ya kai lita 100,000 ga wannan iyaka, watau duro 500 mai cin lita 200. Hanci kuwa ba abin dogaro ba ne, ruwa kan wuce wannan ƙa'ida ba a ji warin kome ba. Daɗin daɗawa, fetur ɗin da aka sha a ƙasar nan har zuwa farkon shekarun 2000 akwai dalma a cikinsa, ita kuwa dalma ba ta ruɓewa.

Shi binciken hawa-hawa ne. Da farko a tattara tarihin fili, a zagaya shi da ƙafa. Sa'an nan a huda ƙasa a wuraren da ake zato, a ɗebi samfuri daga zurfi daban-daban, a kuma haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji aƙalla 3, domin sai da uku ake iya gane inda ruwan ƙasa ya nufa. Ruwan gwaji a kwalba ake zuba shi, a cika ta fal ba a bar wa iska wuri ba, a sa cikin ƙanƙara har ɗakin gwaje-gwaje, in ba haka ba abin da ake nema zai bi iska. Kowane rami kuɗi ne, kowace kwalba kuɗi ce. Wanda bai san inda aka binne tanki ba sai ya huda wuri goma, ya kuskure na sha ɗaya inda cutar take, ya rubuta cewa fili lafiya lau. Dalilin da ya sa tarihi ya zo a gaba ke nan.

Doka Ta Zo a Makare

Ba mu kaɗai muka yi sakaci ba. Amurka ma sai a 1984 ta yi dokar tankunan ƙarƙashin ƙasa, kuma daga lokacin zuwa yau an tabbatar da yoyo a wurare fiye da 500,000 a can. Mu a Nijeriya abin da ya farkar da mu shi ne dubban durorin guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988. A wannan shekara aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar da ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka kafin a fara su, a 2006 kuma aka kafa hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai. Sashen kula da albarkatun mai na da, watau DPR, ya fitar da ƙa'idoji a 1991, ya sabunta su a 2002, inda ya ce in mai ya kai miligiram 5,000 a kilon ƙasa, ko maikirogiram 600 a litar ruwan ƙasa, to, tilas a ɗauki mataki. An rushe wannan sashe a 2021, lasisin gidajen mai ya koma hannun hukumar NMDPRA.

Bincike mafi girma da aka taɓa yi a ƙasar nan shi ne na ƙasar Ogoni, wanda hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonsa a watan Agusta na 2011. An ɗebi samfuri fiye da 4,000, an haƙa rijiyoyin gwaji 142. A Nisisioken Ogale an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana kwance a kan ruwan da jama'a ke sha, benzin kuwa ya ninka ƙa'ida fiye da sau 900. Rahoton ya ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30. Wani zai ce ai wannan zancen masu rijiyar mai ne, ina ruwan Bakano. To, man na Ogale tatacce ne daga bututu, irin wanda ake zuba wa babur. Haka kuma unguwar Baruwa ta Legas, inda ba a haƙo ko ɗigon mai, tun tsakiyar shekarun 1990 rijiyoyinta suka gurɓace saboda yoyon bututu. A ganina kuskure ne babba da muka bar wannan magana ta zama ta mutanen kudu kaɗai. Mu ba mu da rijiyar mai, amma muna da dubban tankuna a binne, kuma galibinmu ruwan rijiya muke sha. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, manoma da yawa sun juya injinansu zuwa iskar gas ko hasken rana, ni kuma na ga ƙananan gidajen mai a rufe a hanyoyinmu, ciyawa ta cinye su. Irin waɗannan filaye su ne gobe za a yanka a sayar, a gina gida ko makaranta.

Abin da Tsofaffi Suka Faɗa Mini

Kwana huɗu na yi ina zagaya unguwar da littafina. Ba zan ambaci sunan gidan man ko na mutanen da na yi hira da su ba. Mai sayar da filin ya ce wa Kawu tanki biyu ne, kuma an kwashe man cikinsu ƙaf kafin a rufe. Maƙwabta na farko da na tambaya su ma haka suka ce, domin murfi biyu ake gani.

Wata tsohuwa da gidanta ke gangaren filin ta baya ita ta fara ba ni abin kamawa. Na gaishe ta, na tambaye ta labarin rijiyar gidanta. Ta ce, "Ɗana, ruwan nan da garɗinsa na zo gidan nan amarya. Daga baya in an dafa shayi sai ka ji kamar an tsoma lagwani a ciki. Da rani yakan yi sauƙi, da ruwa ya sauka sai ya dawo." Na ce, "Iya, yaushe ya fara?" Ta ce ba ta san shekara ba, amma tana goyon autanta, ana ta layin mai, kuma ba a daɗe ba aka ce Abacha ya rasu. Malamanmu sun koya mana yadda ake ɗaure irin wannan magana da abin da aka san ranarsa. Janar Abacha ya rasu a watan Yuni na 1998, saboda haka na rubuta wajen 1997 zuwa 1998. Ta ce sun daina sha, amma da shi suke wanki da wanka da alwala har yau, yara kuma in ƙishi ya kama su ba sa tambaya.

Wani tsohon mai haƙar rijiya ya ƙara mini da cewa akwai wata matacciyar rijiya a kusurwar filin ta gabas, tun ta kafin a gina gidan man, kuma a cikinta yaran bakanike ke juye baƙin mai, daga baya aka cike ta da shara. Yanzu ba abin da ke nuna ta sai wani ɗan lotsawa da ƙasar ta yi. Shi ne kuma ya aike ni wurin tsohon maigadin wurin, wanda ya koma wani ƙauye ta wajen Bunkure.

Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Da na faɗi abin da ke tafe da ni ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Yaro, wa ya ce maka biyu ne? Uku ne." Ya ce akwai wani tsohon tanki a bayan ofis, wanda shi aka fara binnewa. Akwai lokacin da za a zura sanda da yamma a auna mai, da safe a sake aunawa a tarar ya ragu, kullum haka. Mai gidan ya ce ba wanda ke kwana a wurin sai maigadi, saboda haka shi ke zuƙa da tiyo yana sayar wa 'yan bumburutu. Ya rantse, ba a yarda ba, aka sallame shi bayan shekarun da ya yi yana aiki. Aka ɗauki wani, mai bai fasa raguwa ba, sai aka daina zubawa a wannan tanki, aka shafe murfinsa da siminti. Ba wanda ya zo ya ce masa kome. Na tambaye shi lokaci, ya ce shekarar da aka yi wahalar mai, kafin rasuwar Abacha. Maganarsa da ta tsohuwa suka haɗu, alhali ba su san na je wurin ɗayansu ba. Ya ɗauki tsinke ya zana mini filin a ƙasa, ga ofis, ga famfo, ga bishiyar darbejiya, taku bakwai daga gindinta zuwa yamma. Na kwafe a littafina.

Da wannan zane injiniya ya zaɓi inda zai huda. Aka fasa simintin, aka tarar da murfi a inda tsoho ya ce. Da aka tone gefen tankin sai ga ƙasa ta yi toka-toka tana wari, gindinsa kuwa tsatsa ta huda shi wuri-wuri, har yatsa na shiga. Sakamakon gwaji ya nuna rijiyoyin da aka haƙa ta gangare sun wuce ƙa'ida, ruwan kuma ya nufi bayan filin ne, wajen gidan tsohuwa. Injiniya ya ce gyaran yana yiwuwa, a ciro tankuna, a kwashe ƙasar da ta ɓaci a shanya ta a gauraya da taki ana juyawa har ƙwayoyin halitta su cinye man, a kuma yi ta zuƙe ruwan ana tacewa, amma kuɗin zai fi kuɗin filin. Kawu ya fasa saye. Ya je da kansa ya gaya wa mai unguwa abin da aka gani, ya kuma roƙi mutanen gidan tsohuwa su rufe rijiyar su riƙa ɗiba a burtsatsen masallaci da ke can tudu. Filin dai har na dawo makaranta yana nan da allonsa na sayarwa.

Kafin in taho na koma ƙauyen nan na gaya wa tsohon maigadi cewa an ga hujin da ido. Ya ajiye igiyar, ya yi hamdala, ya tambaye ni ko mai gidan yana da rai. Na ce ya rasu, 'ya'yansa ne ke sayar da filin. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa. To, in ka sami hali, ka je ka gaya wa 'ya'yan nasa ban ɗauki man ubansu ba."